Waɗanda suka yi Guangzhou zamanin Wan Qingliang, me kuka gani?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Jiya ina kwashe tsofaffin takardun kaya na ci karo da katin jirgin ƙasana na birnin Guangzhou a ƙasar Sin na 2010, sai na tuna da mutumin nan Wan Qingliang. A shekarar ya zama magajin gari, a ƙarshen 2011 kuma ya zama sakataren jam'iyyar kwaminis na birnin, wanda a tsarinsu shi ne mai gari na ainihi, magajin gari a ƙarƙashinsa yake. Ranar 27 ga Yunin 2014 hukumar ladabtarwa ta jam'iyya ta sanar ana bincikensa. Ina can a lokacin, amma ni tsakanin otal da kasuwa na ƙare. Waɗanda suka zauna garin sosai ku ba mu naku.

Tafinta Xiaobei: Wa alaikumus salam Alhaji. Shekara shida na yi a can, karatu sannan tafinta. Abin da ba na mantawa shi ne maganar haya. A 2011 ya faɗa wa 'yan jarida cewa ya haura shekara 20 yana aiki bai sayi gida ba, a gidan gwamnati yake, yana biyan yuan 600 a wata. Gidan kuwa ya haura murabba'in mita 130, a unguwar masu hali bakin kogin Zhujiang. Ni a lokacin wani ɗaki nake a lungun Dengfeng, taga ɗaya, in ka miƙa hannu ka taɓa bangon maƙwabci, kuma kuɗinsa ya fi nasa. Matar da ke karɓar hayarmu ta nuna min labarin a wayarta tana dariya har da dafa gwiwa, ta ce in na gan shi in roƙa mana ya yi musaya da mu. Wata guda kullum muka haɗu a matattakala sai ta ɗaga yatsu alamar shida. Su Sinawa da hannu ɗaya suke nuna shida, babban yatsa da ƙaramin a buɗe, sauran a naɗe. A wurinta na koya.

Hajiya Mai Leshi: Ni sunansa ma ban riƙe ba sai yanzu. Amma makon jirgin kyauta kam da ni aka yi. Dab da wasannin Asiya, farkon Nuwamban 2010, suka ce jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas kyauta ne. Ɗana, ban taɓa ganin cinkoso irin wannan ba in ba a jifan Shaiɗan ba. Na shiga da jakar samfurin yadi, na fito da takalmi ƙafa ɗaya. Mako guda suka janye, suka koma raba wa mazauna gari kuɗin mota.

Tafinta Xiaobei: Hajiya sannu, Allah ya mayar da alheri. Wan ne magajin gari a lokacin.

Mai Kwantena: Ni ta ɓangaren cin abinci na ga canjin. Akwai mai masana'antar da nake sayen tayil a wajensa a Foshan, ba zan kira suna ba. Da can in na je, da wuya mu yi ciniki ba a kai ni liyafa ba, kuma sau da yawa za ka tarar da wani jami'in yanki a teburin, an jera kwalaben giyarsu mai tsada, ni ina gefe da shayina da kifi. Bayan Xi Jinping ya hau a ƙarshen 2012 aka kafa ƙa'idoji takwas na hana almubazzaranci, abin ya ja baya. Bayan kama Wan kuwa sai ya mutu murus. Zuwana na Oktoban 2014 a ofis muka ci shinkafa cikin roba. Na tsokane shi ko karayar arziki ce, ya nuna sama da yatsa ya yi shiru. Daga baya na ji a cikin laifukan da jam'iyya ta lissafa wa Wan har da yawan zuwa wuraren shaƙatawa na alfarma bayan an hana.

Ɗalibi Wuhan: Ƙarin bayani kaɗan, malamaina. Ɗan Wuhua ne a yankin Meizhou, haifaffen 1964. Ya riƙe birnin Jieyang, ya zama mataimakin gwamnan lardin Guangdong, inda Guangzhou take, a 2008, ya hau Guangzhou bai kai hamsin ba, shi ya sa ake masa kallon mai nisan tafiya. Ba a lardinsa aka yi shari'ar ba, Nanning aka kai shi a Guangxi, haka suke yi don kada a gurfanar da mutum gaban yaransa. Ranar 30 ga Satumban 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, aka ƙwace dukiyarsa, kan cin hancin da ya haura yuan miliyan 111.

Ɗan Kwari: Miliyan 111, mai hayar 600! Amma ni fa ina da ja. Duk shekarun da ya yi yana karɓa yana samun ƙarin girma, masu ƙara masa girman barci suke?

Tafinta Xiaobei: Alhaji wannan tambayar ita ce ba a yi da ƙarfi a can. Wani direban tasi ya taɓa ce min kowa na ci, wanda ubangidansa ya faɗi shi ake kamawa. Ban yarda da shi duka ba, don na ga ƙananan ma'aikata sun tsorata da gaske. Wani da na sani ya mayar da kwalin kek ɗin bikin wata da aka kai masa. Abin da ya fi tsaya min shi ne saurin shafe mutum. Wannan da ake nunawa a talabijin yana iyo a kogin Zhujiang tare da jama'a don a ga ruwan ya yi tsabta, washegarin sanarwa na tambayi matar haya labarinsa, ta ce wane Wan, ta miƙo min rasit.

Hajiya Mai Leshi: To ni dai wa zai biya ni takalmina? A Kantin Kwari na saye shi, sau biyu kacal na saka.