Muhawara: A Ƙara Tsaurara Lasisin Bindiga, Ko a Sassauta wa Mutanen Karkara?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a. Ana ta kiraye-kirayen a ƙara tsaurara dokar lasisin bindiga a Najeriya domin a rage zubar da jini. Bismillah, kowa ya faɗi nasa.

Tsohon ɗan sanda, Kaduna: Wa alaikumus salam. Ni dai ina goyon baya. Dokar da ake aiki da ita tun ta 1959 ce, ta girmi 'yancin kai. Manyan makamai sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigar da mutum zai ajiye a gida sai Sufeto Janar, ta toka kuwa Kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba ko mai taɓin hankali, amma wa ke komawa ya duba? Na taɓa karɓar bindiga mai baki biyu a hannun wani yaro, lasisin na kakansa ne da ya daɗe da rasuwa.

Manomi, Zamfara: Baba, da girmanka, wane ɗan bindiga ne ya taɓa cika fom? Waɗanda suka shigo mana da asuba goyon uku-uku suke a babura, kowa da AK-47 a kafaɗa. Mu abin da ke hannunmu harba-ka-ruga ce ta maƙera. Ka ɗura albarushi, ka danna da ƙarfe, ka harba sau ɗaya, kafin ka sake ɗurawa an riga an kora shanu. Ƙanena ya yi wata biyu a daji, sai da muka sayar da gona muka karɓo shi. In aka ƙara matsawa, ni za a matsa wa.

Lauya, Kano: Malam, ai ƙofar ma a rufe take. A watan Yunin 2022 gwamnatin Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisi, za a raba fom 500 a kowace masarauta cikin 19. Janar Lucky Irabor, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A 2023 kuma Sufeto Janar Egbetokun ya ce an dakatar da ba da lasisin. To me ya rage a tsaurara, Baba?

Tsohon ɗan sanda: Rajista, ɗana. A san bindiga nawa ce a hannun wa, in mai ita ya mutu a karɓe. A kuma sa ido kan rumbunan gwamnati da iyakoki, don tun bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai ke kwarara ta Sahara.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina: Yaya manomi, Allah Ya ƙara tsarewa, wallahi maganarka ta taɓa ni. Amma ni nake wanke raunin. An taɓa kawo mana wani ɗan Bafulatani da bai wuce shekara 15 ba, 'yan sa-kai suka harbe shi ranar kasuwa, madara ce a hannunsa. Ba a yi mako ba aka zo ramuwa, gadajenmu suka cika har ana kwantar da mutane a ƙasa. Bindiga a hannun wanda zuciya ke ɗiba ba ta tambayar mai laifi. Shi ya sa na fi yarda da a ɗauki matasa a horar da su a ƙarƙashin hukuma, kamar rundunar da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Katsina a 2023, da Askarawan Zamfara da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2024.

Manomi: Hajiya, ban musa ba, an yi wannan zaluncin, a gabanmu ma an yi. In za a kawo Askarawa su zauna garinmu, da hannuna zan miƙa tawa. Amma gero ya nuna, jibi za mu fita girbi, kuma ofishin 'yan sanda mafi kusa da mu tafiyar awa biyu ce a babur. Baba, ka ce mini in bar ta a ɗaki ko in rataya?