Neman kalma: me za mu kira "beach" da Hausa?

1/
Assalamu alaikum jama'a. Akwai kalmar da nake so mu zauna a kanta mu tsayar da magana ɗaya. Masu Turancin Ingila suna cewa beach, 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci suna cewa plage. Mu kuwa, duk wanda ka tambaya sai ya ce maka "bakin teku". Ni ban gamsu da haka ba. Mutum zai yi shekara yana tara kuɗi don ya kai iyalinsa hutu wani tsibiri, kalmar nan kaɗai tana iya sa shi ya biya kuɗin abin da ba shi ya je nema ba.

2/
Bakin teku ai duk inda ƙasa ta ƙare ruwan gishiri ya fara ne. Tashar Tema a Ghana, inda ake sauke kwantena, bakin teku ce. Dazukan laka na Neja Delta, inda saiwoyin itatuwa ke tsaye cikin taɓo, bakin teku ne. Tsaunin da raƙuman ruwa ke duka dare da rana, wanda ko akuya ba ta sauka ta wurin, shi ma bakin teku ne. Abin da muke nema wa suna ya fi wannan ƙunci: shimfiɗar rairayi mai gangarawa a hankali zuwa cikin ruwa, inda za ka cire takalmi ka taka, yara su tona rami, uwargida ta shimfiɗa tabarma a inuwar kwakwa.

3/
Bari mu ɗauki wuri guda mu auna kowace kalma a kansa, don kada maganar ta tashi a iska. Na zaɓi Zanzibar, saboda mutanenmu sun fara zuwa can sosai, ga shi ƙasar Musulmi ce, abinci da masallaci ba sa zama matsala. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba. Ta haɗe da Tanganyika ranar 26 ga Afrilu, 1964, aka samu Tanzaniya. Masu hutu yawanci Unguja suke nufi, Pemba kuma an fi saninta da kanumfari.

A Unguja kaɗai, "bakin teku" yana iya nufin abu uku ko huɗu. Tsohon gari, wanda mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000, yana bakin teku. Amma abin da ke gabansa tashar jiragen fito ce da katanga da kasuwar dare ta Forodhani, inda ake gasa kifi a matse rake. Wuri ne na kallo da cin daɗi, ba nan ake zuwa don yara su wuni cikin ruwa ba. Otal da ke nan in ya rubuta maka cewa yana bakin teku, bai yi ƙarya ba. Kai ne kalmarka ba ta tambayi abin da kake so ba.

4/
Amsoshi sun fara shigowa, na gode. Wani ɗan'uwa ya ce a ari kalmar kawai a ce "bici", yadda muka ari mota da asibiti. Yaya, ba na ƙin aro. Amma ana aro ne idan gida babu. Mota ba mu da ita sai da aka kawo, rairayi kuwa da gaɓa muna da su tun kafin Bature ya san hanyar Sakkwato. Sannan tsohuwa a Ɗanbatta in ta ji "bici" babu hoton da zai zo mata a rai.

5/
Wani malamin Larabci ya kawo "sahili". Allah ya gafarta Malam, kalmar tana da daɗi, kuma tarihinta ya shafe mu. Daga jam'inta, sawahil, aka samo sunan Sawahili, wato mutanen gaɓa da harshensu. Daga ita kuma aka samo Sahel, yankin da muke zaune, wanda aka ɗauka a matsayin gaɓar hamada. To nan matsalar take: Bahaushen yau in ya ji Sahel, fari da ƙaya da labarin tsaro ne ke zuwa masa. Ga shi kuma sahili ma duk gaɓa take nufi, ta dutse da ta laka, ba ta ware mana rairayi ba. Su kansu Sawahilawa sun raba: pwani ita ce gaɓa gaba ɗaya, ufukwe shi ne wurin rairayin. Abin da suka yi shi nake so mu yi da namu kayan.

6/
"Gaci" ma an ambata. Gaci na mai fito ne, inda kwalekwale ke nufa, shi ya sa muke cewa an kai gaci. Kalmar isowa ce, ba ta zama ba. "Mawanka" kuma ta taƙaita abin ga wanka, alhali da yawa cikin masu zuwa ko ƙafa ba sa tsomawa. "Mashaƙata" ina sonta ƙwarai, amma a bar ta ga masaukin da aka gina don hutu, mai ɗakuna da lambu da wurin cin abinci. Mashaƙata tana iya zama a kan dutse kamar ta Obudu, babu teku ko kusa.

7/
Wata Hajiya ta ce a ce "yashin teku". Hajiya, a nan ne nake so mu ɗan daɗe, don Hausa ta riga ta yi mana rabin aikin. Yashi shi ne mai gautsi, mai tsakuwa-tsakuwa, wanda tifa ke ɗebowa daga kogi a kwaɓa da siminti. Rairayi shi ne mai laushi, wanda yara ke wasa da shi, wanda ake zubawa a tsakar gida da filin masallaci. Turɓaya kuma ta fi kusa da ƙura. Duk wanda ya ji "yashin teku" zai ɗauka ana maganar kayan gini ne.

Na gabashin Unguja rairayi ne na gaske. A Paje in ka damƙa da hantsi, fari ne fat, yana zuba ta tsakanin yatsu kamar garin alkama da aka tankaɗe. Ba daga duwatsun tudu ya fito ba, murjani ne da ɓawon halittun ruwa da teku ta niƙe tsawon zamani. Shi ya sa ko rana ta take bai cika ƙona tafin ƙafa ba, sai dai hasken ya kashe maka ido. Wanda zai je ya sa tabarau mai duhu a jaka, ya sa wa yara hula.

8/
Abin da na kawo gabanku shi ne: gaɓar rairayi.

Gaɓa ta gaya maka ruwa da ƙasa sun haɗu. Rairayi ya gaya maka da me aka shimfiɗa wurin. Kuma tana buɗe ƙofa ga 'yan'uwanta ba tare da an ƙirƙiri komai ba: gaɓar dutse, gaɓar laka, gaɓar tsakuwa. Jam'i, gaɓoɓin rairayi. A maganar yau da kullum baki zai gajarta ta da kansa, a ce "mun sauka rairayi", "yara suna rairayi tun safe". Ta fi "rairayin bakin teku" da ake yawan gani a fassara, domin wancan sunan ƙasar da ke wurin ne, wadda za ka iya ɗiba a buhu, ba sunan wurin ba. Tana kuma aiki ko da teku ko babu: 'yan Zongo na Accra da ke cika Labadi ranar Sallah suna gaɓar rairayi, mutumin Yamai da ya sauka bakin Kwara da rani shi ma haka.

9/
Wani ƙanena ya tambaya, to in an samu kalmar sai me? Ga abin da take saya maka.

Gaɓoɓin rairayin Unguja ba ɗaya ba ne, kuma abin da ya raba su wani abu ne da mu mutanen tudu ba mu saba da shi ba. Teku tana cikowa tana janyewa, sau biyu a kusan awa 25, wato kimanin awa shida tana zuwa, shida tana komawa. Jan da wata ke yi wa ruwa ne babban dalili, rana tana taimaka masa. A gabas, wajen Paje da Jambiani, ƙasan ruwan shimfiɗe yake har zuwa shingen murjani da ke can nesa. In ruwa ya janye sai ya tafi da nisa, ka tsaya a ƙofar masauki kana hangen teku can kamar ta yi ƙaura. Mai son iyo dole ya jira ta dawo. A arewa kuwa, Nungwi da musamman Kendwa, gaɓar ta fi zurfi da wuri, ana shiga ruwa kusan kowane lokaci na yini.

Ba wai gabas ba ta da daɗi ba ne. Ni ma ta fi kwanta mini. Lokacin janyewa ne matan ƙauyen ke shiga da zanensu na kanga ɗaure a ƙugu, su zauna cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba, suna ɗaura ciyawar teku a igiyoyin da aka ja tsakanin turaku. Mwani suke kiranta, noman ya kama a tsibirin tun wajen 1989, ana busar da ita a sayar waje. Za ka ga yaro yana bin wata halittar teku mai hannuwa takwas a ramin dutse da ɗan tsinken ƙarfe. Sai dai a taka da takalmin roba, akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke ɓuya a cikin kududdufan, in ta soki ƙafa hutun ya lalace.

10/
Wannan cikowa da janyewa ma suna bukatar suna, kuma ina ganin kalmomin biyu sun isa: cikowa, janyewa. Babu abin ƙari. Abin da ya burge ni shi ne mu da muke lissafi da wata mun fi kowa sauƙin gane lokacinsu. Ruwa ya fi cikowa ya fi janyewa a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, wajen daren sha huɗu. A Zanzibar bambancin tsayin ruwan kan kai kusan mita 4 a irin waɗannan kwanaki, masunta suna kiran lokacin bamvua. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuma motsin kan yi rauni, shi ne maji mafu, mataccen ruwa. Kalandar Hijira da ke rataye a falonka tana gaya maka yadda za ka tarar da teku.

11/
Sauran shiri a gurguje. Babbar damina daga Maris zuwa Mayu take, ƙarama wajen Nuwamba zuwa Disamba. Yuni zuwa Oktoba ya fi sanyi da bushewa, Janairu da Fabrairu zafi. Daga nan ana bi ta Addis Ababa ko Nairobi, ko a sauka Dar es Salaam a hau jirgin fito na kusan awa biyu. Mai fasfon Najeriya ya nemi biza tun yana gida, da wuri, ya riƙe katin allurar shawara. Tun Oktoban 2024 hukumar tsibirin ta wajabta wa baƙi inshorar dala 44 kowane babba. In tafiyar ta faɗo cikin azumi, gidajen abinci da yawa a cikin gari a rufe suke da rana.

12/
Hajiya ta dawo da tambaya mai muhimmanci, kan sutura. Gaskiya a gaban manyan mashaƙatu za ki ga Turawa da shigarsu ta wanka, musamman Nungwi da Kendwa da yamma, ga kiɗa. Amma matan garin da kayansu suke shiga ruwa, ba wanda zai kalle ki don kin shiga da doguwar riga da ɗankwali. Jambiani ta fi natsuwa ga mai iyali. Ki zaɓi yadi marar nauyi, atamfa in ta sha ruwa tana janye mutum ƙasa.

Ga yadda za ki tambayi wakilin tafiya yanzu: masaukin yana kan gaɓar rairayi ne ko gaɓar dutse? In ruwa ya ciko, akwai sauran rairayin zama ko yana kaiwa har katanga? In ya janye, tafiyar minti nawa ce zuwa inda ake iyo? Akwai masaukai a tsibirin da aka ɗora kan gaɓar dutse, sai an bi matakala a sauka, ruwa na cikowa rairayin ya ɓace. Mai tsohuwa ko ƙananan yara ya san wannan kafin ya tura kuɗi.

13/
Wani dattijo daga Yawuri ya tuna mana cewa a wajensu tsibiri gungu ne, daga nan sunan Gungawa ya fito, mutanen da ruwan madatsar Kainji ya tashi da yawansu daga tsibiransu a 1968. Baba, Allah ya ƙara girma, to a gare ku nake da roƙo. Akwai abu ɗaya da ban samo wa suna ba. A gaban tsohon garin Zanzibar akwai wani tudun rairayi a tsakiyar teku, Nakupenda, babu itace babu ciyawa, yana fitowa in ruwa ya janye, a kai baƙi da kwalekwale su ci gasasshen kifi, ruwa na cikowa ya rufe shi. Sawahilawa suna ce wa irinsa fungu. Tsibiri ya yi masa girma, gaɓa kuma ba ta dace ba tunda bai jingina da ƙasa ba. Na yi tunanin "doron rairayi". Amma ku da Sarkawa kuna ganin irinsa a tsakiyar Kwara duk rani, kuna kauce masa da jirgi. Me kuke kiransa?