Ɗaukar masu sabon digiri daga jami'o'i shida: wane mataki za a yi ta intanet, wanne ne sai an je?

Maman Ilham, Wuse 2:

Assalamu alaikum jama'a. Kamfaninmu a nan Abuja zai ɗauki masu sabon digiri mutum 20, 12 a ɓangaren akanta, 8 a ɓangaren kwamfuta. Shugabanni sun zaɓi jami'o'i shida: ta Abuja, ta Jos, ta Keffi, FUT Minna, ABU Zariya da ATBU Bauchi. Kuɗin da aka ware ba zai kai mu ko'ina ba, shi ya sa aka ce a raba, wani abu ta intanet, wani kuma a taka a je. Mu uku ne kacal a ofishin kula da ma'aikata. Don Allah masu sani, ta ina zan raba aikin, kuma wata nawa zan ware masa?

Baban Safiya, Garki:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ɗan ajiye maganar intanet, ki fara duba kalanda, don nan aka fi yin tuntuɓe. Yaron da ke ajin ƙarshe yau ba zai zauna a ofishinki gobe ba. Sai ya gama jarrabawa da furojet, majalisar jami'a ta amince da sakamakonsa, a tura sunansa NYSC, ya jira rukuninsa, ya yi mako uku a sansani, ya cika shekarar bautar ƙasa. Doka kuma ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya nemi takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa daga mai digiri. To mutum 20 ɗin da kike so su kama aiki bana ba sa cikin makaranta. Ko dai suna dab da gama bautar ƙasa, ko sun gama bara, kuma sun watsu cikin jihohi. Ɗan ATBU na iya kasancewa a Ebonyi yanzu haka. Waɗannan intanet ce kaɗai za ta kai ki gare su. Zuwa harabar jami'a kuwa shuka ce ta baɗi, tana da amfani, amma kada a gaya wa shugabanni ita za ta cike gurbin bana.

Kuma kada ki ɗauka jami'o'in shida suna tafiya tare. Tun bayan yajin aikin ASUU na 2020 da na 2022, wanda ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kowace ta gyara kalandarta yadda ta ga za ta iya. Wata na jarrabawa, wata na rajista. Ki nemi kalandar kowacce a rubuce.

Ki ware mako 12. Biyu na farko na rubuta bayanin aikin ne da sharuɗɗa, ku daidaita da shugabannin sassa kan abin da ake nema, a sa hannu, don kada a canja miki ma'auni a tsakiyar tafiya. Mako uku fom na buɗe. Ɗaya na tacewa. Biyu na jarrabawa, biyu na intabiyu ta bidiyo, ɗaya na ganawar ƙarshe a Abuja, ɗaya na tantance takardu da ba da takardar ɗauka. Lissafin mutane kuma daga ƙarshe ake faro shi: in 20 kike so, ki gayyaci 40 zuwa ganawar ƙarshe, 80 zuwa intabiyun bidiyo, kamar 250 zuwa jarrabawa. Intabiyu 80 na minti 25 sun haura awa 33. Ku uku, in kuna zama bibbiyu, sama da kwana huɗu ne cur ba ku yi wani aikin ba. Ki ajiye sunaye biyar a gefe, domin a cikin 20 ba a rasa wanda zai karɓi takarda sannan banki ya ɗauke shi.

Malamin Naraguta, Jos:

Maganar Baban Safiya haka take, sai dai ban yarda zuwa makaranta na baɗi ne kawai ba. Tsofaffin ɗalibai ba sa barin guruf ɗin WhatsApp na ajinsu, kuma sanarwar da ta fito daga hannun shugaban sashe ko wakilin aji ita suke gaskatawa. 'Yan damfara sun ɓata tallar aiki ta intanet, yaro ya ga fom sai ya fara jiran a ce ya biya kuɗi. Zuwanki makaranta shi ke sa wa fom ɗin hatimi.

Hanyar shiga: wasiƙa zuwa ga magatakardar jami'a, kwafi ga shugaban kula da harkokin ɗalibai da shugabannin sassan da kike so, mako shida kafin ranar. Imel kaɗai ba ya isa, sai an bi wasiƙar da ƙafa an samo sunan wanda aka miƙa wa ita da lambarsa. A tambayi kuɗin zaure, a tambayi ko da janareta da wanda zai zuba mai. A tabbatar a wace haraba sashen yake. A Jos akwai ta Naraguta akwai ta titin Bauchi, a Abuja akwai babbar haraba ta hanyar filin jirgi akwai ƙaramar ta Gwagwalada. In aka kama zaure a inda ɗaliban ba sa lakca, kujeru za ki yi wa jawabi.

Ki zaɓi Talata zuwa Alhamis, daga mako na huɗu zuwa na takwas na zangon karatu. Kafin nan ba su gama dawowa ba, bayan nan hankalinsu na kan jarrabawa. Juma'a rabin yini ce, kada a sa taro.

Da ƙarancin kuɗin nan, uku za ki je. Abuja da Keffi tafiyar yini ce, a je a dawo. Jos sai an kwana, to a haɗa ta da Bauchi in hali ya yi, tunda hanya ɗaya ce, ko a gayyato wakilan ATBU. Zariya da Minna a yi musu taro ta bidiyo, amma a haska shi a zaure guda da majigi da lasifika, malami ɗaya na tsaye yana karɓar tambayoyi. Ya fi a ce kowa ya shiga da wayarsa. Minti 90 ya isa: 20 na bayanin kamfani, 20 na yadda ake cike fom da irin jarrabawar, sauran na tambaya. Ki tafi da ƙaramin ma'aikaci wanda ya fito daga wannan jami'ar, shi za su fi buɗe wa baki.

Abu ɗaya da kamfanoni ke sakaci da shi: SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a kamfanoni da ma'aikatu kafin su gama karatu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF mai hedikwata a nan Jos ke kula da shi. Ɗalibin kwamfuta da ya yi wata shida a ofishinku kin san aikinsa fiye da yadda kowace intabiyu za ta nuna miki.

Injiniya Kubwa:

Hajiya, ni a kan jarrabawa zan tsaya. Jarrabawar da mutum ya yi a ɗakinsa ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. Wani yayansa ne zai zauna masa, wani ya buɗe ChatGPT a waya ta biyu, wani kuma mai ƙoƙari ne amma sabis ya yanke masa a tambaya ta goma. Manhajojin sa ido ta kyamara suna son laftof da intanet mai ƙarfi, sai su zubar miki da yaran da ba su da hali, ba marasa ƙoƙari ba.

A yi ta hawa biyu. Ta farko gajera, tambaya 30 cikin minti 30, wadda za ta buɗe a wayar Android, a bar ta a buɗe awa 48 mutum ya zaɓi lokacin da yake da caji da sabis. Wannan rariya ce kawai. Ta biyu a cibiyar CBT, irin waɗanda ake jarrabawar JAMB a ciki, ana ba da hayarsu in ba lokacin JAMB ba ne. Cibiya biyu ko uku sun wadatar: Abuja, Jos, Zariya. Kowa ya zo da takardar NIN, a ɗauki hotonsa a bakin ƙofa, hoton nan kuma a gwada shi da fuskar da za ta bayyana a intabiyu. A bar kwamfuta 10 cikin 100 ba kowa a kansu saboda masu daskarewa. Wanda makinsa na gida ya yi nisa da na cibiya, kin san abin da ya faru.

Intabiyun bidiyo: Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet na kyauta a awa ɗaya in kun kai uku. Ku tura wa kowa data giga ɗaya kwana guda kafin ranar, ku gaya masa a rubuce cewa in hoto ya yanke za a kira shi a waya kuma ba za a rage masa maki ba. Minti biyun farko a kunna kyamara a ga fuska, bayan nan murya ta isa.

Tambayoyi biyar iri ɗaya ga kowa, maki 1 zuwa 5, kowane mai tambaya ya rubuta nasa kafin su tattauna. Wannan na da muhimmanci a tsarin haɗin gwiwa irin naku, domin wanda kuka gaisa da shi a zauren Keffi zuciya za ta karkata gare shi fiye da wanda kuka gani a allo yana yankewa. Don haka ko CV aka miƙo muku a makaranta kada ku karɓa, kowa ya bi ta fom ɗaya.

Maman Ilham, Wuse 2:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Saura ganawar ƙarshe. Dole ne mu biya musu kuɗin mota? Kuma me zan yi da bayanan waɗanda ba a ɗauka ba?

Baban Safiya, Garki:

Ku biya, Hajiya. In ba ku biya ba, 'yan Abuja ne kaɗai za su zo, wahalar zuwa jami'o'i shida ta tashi a banza. A yanka kuɗi gwargwadon nisan jiha, a faɗa a takardar gayyata, a biya ranar ta taransifa. A fara da ƙarfe 10 na safe a tashi kafin la'asar, don mai komawa Jos ko Minna kada dare ya yi masa a hanya, na nesa kuwa a ba shi kuɗin kwana ɗaya. Ranar ce ake ganin takardu na asali. Wanda satifiket ɗinsa bai fito ba a karɓi takardar sakamako, a rubuta wa jami'arsa neman tabbaci, a sa sharaɗin hakan a takardar ɗauka.

Bayanai kuma, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafe ku. A saman fom ku rubuta abin da za ku yi da bayanan da tsawon lokacin da za ku riƙe su, da wurin da mutum zai danna ya amince. Kada a tura jerin sunaye da lambobin waya cikin guruf. Waɗanda suka kai intabiyu ba su samu ba, ku aika musu saƙo cikin mako biyu, ku tambaye su ko sun yarda a riƙe sunansu na shekara guda.