Yaushe ya kamata a dakatar da ƙarin ruwa ga mai sefsis?

Sabuwar likita: Assalamu alaikum. Ina neman haske daga manyanmu game da majinyacin da ke da sefsis, wato ƙwayoyin cuta suka gurɓata jininsa, har awon jinin (BP) ya faɗi. Ƙa'idojin Surviving Sepsis Campaign (gamayyar ƙwararru ta duniya kan kula da masu sefsis) na 2021 sun ba da shawarar a ba shi mililita 30 na ruwa kan kowane kilo na nauyinsa cikin awa uku na farko. To, idan an gama wannan amma jinin bai tashi ba, da me za a gane ko ƙarin ruwa zai amfane shi ko kuwa huhunsa zai cika?

Likitan ɗakin kulawa ta musamman: Wa alaikumus salam. Abin da za ki tantance shi ne ko zuciyarsa za ta iya tura ruwan. Hanya mafi sauƙi ita ce gwajin ɗaga ƙafafu: a sauke bayansa ya kwanta miƙe, a ɗaga ƙafafun zuwa digiri 45, sai jinin da ke cikinsu ya gangaro zuwa zuciya. Idan na'urar hoton zuciya ta nuna jinin da take harbawa ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, ruwa zai yi amfani. Kyan gwajin kuwa, da an sauke ƙafafun komai ya koma yadda yake, ba kamar ledar ruwa ba, wadda in ta shiga ta shiga ke nan. Idan babu ƙaruwa, ki fara noradirenalin, maganin da ke ɗaga awon jini, har matsakaicin awon jinin ya kai 65.

Ma'aikaciyar jinya: Likita, ba kowane asibiti ne ke da wannan na'ura ba. Mu kan danna kan yatsa na daƙiƙa 10, mu duba ko launinsa ya dawo cikin daƙiƙa 3, sannan mu riƙa auna fitsari kowace awa.

Likitan ɗakin kulawa ta musamman: Gaskiyarki, Sista, kuma a irin wannan wurin ne ya fi kamata a yi hattara. A binciken da aka yi kan masu sefsis a Lusaka ta Zambiya, wanda aka wallafa a 2017, kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa mai yawa sun rasu, alhali a rukunin da aka yi wa kulawar da aka saba kashi 33 ne. Inda injin taimakon numfashi ya yi ƙaranci, ni dai na fi son a ba da ruwan kaɗan-kaɗan, kamar mililita 250, ana sauraron ƙirjin bayan kowanne.