Neman shawara kan gwajin titi na cikakken lasisin babur a Ingila

Bazazzagi a Leeds:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni cin gwajin titi na cikakken lasisin babur a nan Ingila, domin saura mako uku a yi mini nawa, kuma maganar da malamin da ke koya mini ya faɗa jiya ta hana ni sukuni.

Shekarata 29, kuma tun ina ɗan shekara 15 nake hawan babur a Zariya, har acaɓa na taɓa yi tsakanin Samaru da Sabon Gari don in haɗa kuɗin makaranta. Da na zo nan na yi horon farko na CBT, na kama aikin kai wa mutane abinci gida da ƙaramin babur mai cc 125, ɗauke da alamar L ta 'yan koyo gaba da baya. Takardar CBT shekara biyu take yi, tawa kuma saura wata huɗu ta ƙare, sai na ga gara in nemi lasisin rukunin A, wanda ke ba da damar hawa kowane irin babur, kai tsaye tunda na wuce shekara 24 da doka ta gindaya, maimakon in dawwama a matsayin ɗan koyo wanda ba ya goyo kuma ba ya hawa manyan titunan da ke tsakanin birane. Na ci jarrabawar dokokin hanya da ake yi a kwamfuta, na kuma ci kashi na farko na gwajin, wanda ake yi a fili, ba tare da wata wahala ba.

Jiya malamin ya bi ni a baya na minti 40 kamar yadda mai gwaji zai yi. Da muka tsaya ya ce riƙon babur ɗina ba shi da abin cewa, amma da gwajin gaske ne, da na faɗi tun a minti goman farko, wai saboda ba na dubawa. Ni kuwa a sanina idona yana kan madubi koyaushe, kuma ban taɓa gogar kowa a titin ƙasar nan ba. Don Allah me ake nufi da wannan dubawar, kuma me ya kamata in fi mayar da hankali a kai a kwanakin da suka rage?

Baban Yara, Birmingham:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Malaminka gaskiya ya faɗa maka, kuma gara da ka ji ta daga bakinsa yanzu da ka ji ta daga bakin mai gwaji bayan ka biya fam 75 da kuɗin hayar babban babur. Abin da ya kayar da ni ke nan a karon farko, ni ma kuwa na tafi da tinƙahon cewa na shekara 20 a kan babur a Kano.

Ka fara fahimtar lissafin. A kashi na biyu, wato gwajin titi, an yafe maka ƙananan kurakurai har 10, amma babban kuskure ɗaya tak, ko wanda ya jefa wani cikin haɗari, ya isa ya kayar da kai ko da sauran tafiyar ta yi kyau. Sauya hannu ko shiga kwana ba tare da ka tabbatar da abin da ke gefenka ba yana iya zama babban kuskure. Madubi yana nuna maka bayanka, amma akwai wani yanki daidai kafaɗarka da ba ya kamawa, wanda mai keke ko ma mota sukutum kan iya ɓoyewa a ciki. Shi ya sa ake son waiwayen nan na ƙarshe ta kan kafaɗa kafin ka karkata babur, wanda malaman koyarwa ke kira waiwayen ceton rai. Mu da muka koyi babur a gida mun saba da satar kallo da wutsiyar ido da kuma sauraron ƙarar injin na baya, mun kuma dogara da cewa wanda zai wuce mu zai danna oda. A nan mai keke ba ya ƙara, motar lantarki ma kusan haka, kuma ba wanda zai yi maka oda don zai wuce ka. Shi kuwa mai gwaji yana bayanka, ba ya ganin ƙwayar idonka, juyawar hular kwanonka kawai yake gani. Idan hular ba ta motsa ba, a takardarsa ba ka duba ba.

Bari in ba ka labarin inda na faɗi. Mun shiga wani shataletale mai layi biyu, ya ce mini ta rediyon kunne in ɗauki mafita ta uku. Na shiga layin dama daidai, na zagaya, da na wuce mafita ta biyu na kunna siginar hagu, na leƙa madubi, na karkata zuwa mafitata. Ashe wata farar motar kaya tana layin waje daidai tayata ta baya, sai da direban ya taɓa birki. Ban ma san abin ya faru ba sai da muka koma cibiyar gwaji, mai gwajin ya zayyana mini. Ƙananan kurakuraina uku ne kacal a ranar, amma wannan ɗaya ta rushe komai, na jira kwanakin aiki 10 da doka ta ce kafin in sake zama.

Saboda haka ka mayar da shi al'ada a wuraren nan: kafin ka tashi daga bakin titi, kafin ka sauya layi, kafin ka yanka dama a mararraba, kafin ka fita daga shataletale, da lokacin da za ka kauce wa motar da aka ajiye. Tsarin shi ne madubi, sigina, waiwaye, sannan motsi. Ka kuma kula da kashe sigina bayan kwana, domin ta yawancin babura ba ta mutuwa da kanta kamar ta mota, kuma idan ka bar ta tana ƙiftawa har wani direba ya zaci za ka shiga kwana ya fito gabanka, laifin naka ne. Ni sai da na koya wa babban yatsana danna maɓallin bayan kowace kwana, ko na kunna ko ban kunna ba. Tunda kana kan babur kullum wajen aiki, ka ɗauki kowace tafiyar kai abinci a matsayin gwaji, domin abin da jiki ya saba da shi shi zai yi ranar da gaba ke faɗuwa.

Maman Hanifa, Manchester:

Allah ya ba da sa'a, Malam. Ni lasisin A2 na matsakaicin babur na yi, amma tsarin gwajin ɗaya ne, kuma ina so in tuna maka abubuwan da kan hana mutum hawa babur ɗin ma tun daga farko. Ka tafi da lasisinka na koyo, da takardar CBT, da ta jarrabawar kwamfuta, da ta cin kashi na farko. Kada ka yi sakaci da wata huɗun nan da ka ambata, domin idan aka samu akasi har CBT ɗinka ya ƙare kafin ka ci, sai ka sake yin horon kafin a karɓe ka.

Kafin komai za a sa ka karanta lambar mota daga nisan mita 20, idan ka kasa gwajin ya ƙare a nan, don haka idan kana amfani da tabarau kada ka baro shi a gida. Daga nan za a yi maka tambayoyi biyu kan duba lafiyar babur, kamar yadda ake gane ko man birki ya isa, ko yadda ake duba sarƙa da iskar taya, akwai kuma tambaya a kan goyo. Hukumar DVSA mai gudanar da gwajin tuƙi ta wallafa jerin tambayoyin, ka karanta su a gaban ainihin babur ɗin da za ka hau, ka san inda kowane abu yake da hannunka. Tufafi ma ana dubawa: hular kwano mai inganci, safar hannu, jaket mai kauri, wandon babur ko jins mai nauyi, da takalmin da ya rufe idon sawu. Ranar da na je na tarar da wani saurayi da aka mayar da shi gida saboda takalmin da ya sa bai kai idon sawu ba.

Mai Jan Babur, Sheffield:

Na yarda da Baban Yara, amma da girmamawa zan ƙara wani gefe, domin na ga mutanen da aka tsorata da maganar waiwaye har suka koma juya kai kamar ƙadangare ba tare da sun ga komai ba. Waiwaye a lokacin da motar gabanka ke shirin taka birki shi ma haɗari ne. Ana son ka waiwaya a inda akwai dalili, ka ga abin da ke wurin, kuma abin da ka gani ya sauya abin da za ka yi.

Abu na biyu da ke kayar da masu taka-tsantsan shi ne jan jiki. Mutum ya zaci idan ya tafi a hankali ya tsira, sai ya riƙa tafiyar mil 40 a awa a titin da aka yarda da mil 60 alhali hanya a buɗe take, ko ya tsaya a bakin shataletale yana barin dama bayan dama tana wuce shi. Duk wannan kuskure ne da ake rubutawa, idan ya yawaita kuma sai ya zama babba. Kai da ka saba da cc 125 a cikin gari, babur mai cc 595 ko fiye wani abu ne daban: taɓa totur kaɗan ka haura mil 30 ba ka sani ba, ga unguwanni masu iyakar mil 20 sun yawaita. Duk kwanar da ka shiga ka nemi allon gudu a bakinta, idan ba ka ga allo ba amma akwai fitilun haska titi, ka ɗauka mil 30 ne. Ka bar tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da na gaba, ka ninka ta idan titi a jiƙe yake, ka kuma guji taka birki a kan murfin kwalbati na ƙarfe ko farin fenti ko ruɓaɓɓen ganye.

Ka tuna da gyaran dokokin hanya na 2022: idan za ka shiga kwana ka ga mai tafiya a ƙasa yana tsallakawa ko yana jiran ya tsallaka titin da za ka shiga, kai ne za ka dakata masa. Mai keke kuma ka ba shi aƙalla mita ɗaya da rabi idan za ka wuce shi. Sannan ka roƙi malaminka ku maimaita tashi a kan hawa da fitowa daga bayan motar da aka ajiye, domin ana gwada su, kuma nauyin babban babur a kan tudu kan ba wanda ya saba da ƙarami mamaki.

Bazazzagi a Leeds:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na gwada abin da Baban Yara ya ce a wajen aiki, kuma a kwana ta uku da na waiwaya sai na ga wata yarinya a kan keke daidai gwiwata ta hagu, wadda madubi bai nuna mini ita ba sam. Jikina ya yi sanyi. Saura tambayoyi biyu: idan muka tarar da cunkoso, ya halatta in ratsa tsakanin motoci kamar yadda nake yi kullum? Kuma me zai faru idan na ɓata hanya a sashen da ake barin mutum ya tafi da kansa?

Baban Yara, Birmingham:

Alhamdu lillahi da ka gani da idonka, ƙanena. Ratsawa tsakanin motocin da suka tsaya ko suke tafiya a hankali ba laifi ba ne a dokar ƙasar nan, matuƙar an yi ta sannu a hankali da lura. Sai dai a ranar gwaji duk abin da ya biyo bayanta a wuyanka yake, ko ƙofar mota ce aka buɗe, ko wani ya ɓullo daga gaban bas yana tsallakawa. Ni da na ci a karo na biyu ban ratsa ba, na tsaya a layi a inda direban gabana ke iya ganina a madubinsa, ba a kuma rubuta mini komai a kai ba. Ka tambayi malaminka ra'ayinsa, tunda ya san titunan da ke kewayen cibiyarku.

Sashen tafiya da kai kuwa kamar minti 10 ne, za a ce ka bi allunan da ke nuna wani gari ko a ba ka jerin kwanoni ka riƙe. Ɓatan hanya ba ya kayar da kowa. Idan ka ga ka shiga layin da ba shi ba, kada ka yanko da ƙarfi don ka gyara, ka bi layin da kake ciki lafiya lau zuwa inda ya kai ka, mai gwajin zai dawo da kai hanya ta rediyo. Idan ba ka ji umarninsa sosai ba, ka ci gaba da tafiya yadda alamun titi suka nuna, zai maimaita. Ka yi ƙoƙari ka samu awa ɗaya a kan babban babur ɗin da safiyar ranar kafin ka shiga cibiya, domin hannunka ya saba da kulocinsa da birkinsa, ka kuma sa malamin ya bi da kai ta shataletale mafi girma da ke kusa da wurin sau biyu ko uku. Idan an gama ka dawo ka ba mu labari.