Kiɗan kalangu ya ƙi zama a FL Studio, kuma jera ganguna na cinye mani lokaci

Sauti_SabonLayi:

Assalamu alaikum manyanmu. Waƙoƙin biki nike haɗa ma kiɗa a nan Katsina da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio 20, kuma wurin jera ganguna ne aiki ke tsaya mani. Mawaƙa na son kiɗa mai rausaya irin na kalangu, amma in na jera shi a Channel Rack, wato allon gidajen jera bugu, sai ya fito a sandare ko yana ɗingishi. Na ja Swing har ƙarshe, bai gyaru ba. Sannan sampul ɗin kalangun, wato guntun sautinsa da aka ɗauka, murya guda gare shi, ba ya hawa ba ya sauka. In kuma na ce in buga da hannu a kan kibod ɗin kiɗa na Yamaha PSR, sai sauti ya riƙa makara, in koma ina gyara bugu ɗai-ɗai da linzami har mawaƙi ya gaji da zama. Laftof ce, ba ni da katin sauti na waje. Don Allah a taimaka.

Baban_Kusugu:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar Swing ɗin nan ya huta, ba shi ne maganin ba. Channel Rack na zuwa da gidaje 16, wato kowane bugu an raba shi huɗu. Yawancin kiɗan da kake nufi kuwa uku-uku yake tafiya a cikin bugu ɗaya. A tempo 100 bugu ɗaya milisakan 600 ne. In an raba huɗu kowane gida ya samu 150, in an raba uku ya samu 200. To duk inda ka ɗora bugun tsakiya a gidaje 16, ko ya riga lokacinsa ko ya makara da milisakan 50, kuma kunne na jin wannan sarai. Ɗingishin da kake ji ke nan. Swing kuwa abin da yake yi kawai shi ne jinkirta kowane gida na biyu, ba ya ƙirƙiro rabon uku a cikin bugu.

Ka buɗe sabon aiki, kafin ka jera komai ka shiga Options, Project general settings. A wurin saitin lokaci ka zaɓi Set as time division, ka bar Bar a 4, ka maida Beat 3. Yanzu gidajenka sun koma 12. In kana son wurin 'yan ƙananan bugu na ado, ka sa 6 maimakon 3, ka samu gidaje 24. Kada ka sauya wannan a tsohon aikin da ka riga ka jera, don abin da ke ciki zai rikice maka.

In Piano Roll, wato allon zana bugu da muryarsa, ka fi sabawa da shi, ba sai ka taɓa saitin ba: danna alamar maganaɗisu ka zaɓi 1/3 beat, ko 1/6 beat wurin ado.

Ga abin gwaji a gidaje 12. Kik, wato babbar ganga mai kaurin murya, a 1, 4, 7, 10. Ƙaramar ganga mai riƙe kiɗa, irin aikin da kuntuku ke yi, a 3, 6, 9, 12. Tafi a 1, 3, 5, 7, 9, 11. Kik na tafiya huɗu, tafi na tafiya shida, suna haɗuwa a 1 da 7 kawai. Wannan saɓanin shi ke kawo rausayar da mawaƙinka ke nema. Tempo kuma kada ka yi ƙiyasi. Ka sa mawaƙin ya rera amshi yana taka ƙafa, ka danna dama a kan tempo ka zaɓi Tap, ka bi ƙafarsa ba bakinsa ba.

Hajara_Miksin:

Abin da Baba ya faɗa shi ne tushe. Bari in ƙara a kan muryar kalangun.

Mai kalangu yana matse tsarkiya da hammata bayan ya buga, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya saki ta sauka. Wato hawan yana faruwa ne a cikin bugu ɗaya. In ka jera sampul a C5 sannan wani a D5, bugu biyu ka yi masu murya daban, ba matsa ba. Abin da ke kwaikwayon matsar shi ne Slide. Zana bugunka a C5, ka ja tsawonsa ya kai gida biyu. Danna ɗan alwatikan da ke kusurwar hagu ta sama a Piano Roll, ka zana wani ɗan gajere a D5 ko D#5, ya fara jim kaɗan bayan na farko, yana cikin tsawonsa. Shi wannan ba ya fidda sauti, jan na farko yake zuwa inda yake, kuma tsawonsa shi ne saurin hawan. 1/6 beat, wato milisakan 100 a tempo 100, wuri ne mai kyau na farawa.

Abu biyu ke hana shi aiki. Ko dai launinsa ya bambanta da na bugun da zai ja, don launi ɗaya kawai yake ja, ko kuma sampul ɗin gajere ne ya riga ya mutu kafin a ja shi. Nemi sampul mai doguwar jela. Kuma kada ka wuce hawa uku ko huɗu na rabin murya daga asalin sampul, in ka zarce sai fatar ta koma ƙarar roba.

Sai ƙarfin bugu. FL na ba kowane bugu ƙarfi ɗaya, kusan kashi 78 cikin 100, shi ya sa kiɗa ke sandarewa. A ƙasan Piano Roll ka bar manyan bugu a wajen 85 zuwa 90, na tsakani su sauka 45 zuwa 60. Ni ban yarda da Alt+R, mai sassauya ƙarfin bugu da kansa, a kan kalangu ba. Watsa ƙarfin yake yi ba tsari, alhali makaɗi da gangan yake danne wani bugu ya sassauta wani, gwargwadon kalmomin waƙar. A kan abin girgizawa dai babu laifi, kaɗan.

Ka danna dama a kan sunan tashar kalangun ka kunna Cut itself, don sabon bugu ya yanke jelar na baya. Ganga ɗaya ba ta ƙara biyu lokaci guda. In ka bar jeloli suna hawan juna sai ƙasan kiɗan ya yi dagwalo. Sannan ka duba farkon kowane sampul a Edison, abin yanke sauti na FL. Waɗanda aka yanko daga MP3 sukan zo da ɗan shiru a gaba, sai ka ga bugu a kan layi amma kunne na jin ya makara. Yanke shirun, ka ajiye shi WAV.

Injiniya_KofarKaura:

Maganar makarar sauti, ɗan'uwa danna F10 ka shiga Audio. In ka tarar da Primary Sound Driver, shi ne mai laifin. Ka koma FL Studio ASIO ko ASIO4ALL, ka rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fidda shi. A sample rate 44100, bafa 512 milisakan 11.6 ce, 256 kuma 5.8. Lokacin bugawa ka sa 256 in laftof ta ɗauka, in tana ƙaraf-ƙaraf ka tsaya a 512. In an zo miksin ka ɗaga zuwa 1024 ko sama, a lokacin makarar ba ta dame ka ba. Ka kashe duk abin da ka ɗora a Master, babban layin miksa, kafin ka buga, don wasunsu na riƙe sauti kafin su sake shi. Abin kunne na Bluetooth kau ka aje shi gefe, shi kaɗai yana iya ƙara sama da milisakan 100. In an ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, Windows na rage mata ƙarfi, sai ka ji ƙarar da ba ka ji ɗazu ba. Ka maida saitin wuta kan mafi ƙarfi.

A PSR ɗin ka kunna Touch Response, in ba haka ba duk bugunka da ƙarfi ɗaya za su shiga, ka koma gidan jiya.

Kafin ka danna rikodin, ka duba maganaɗisun da ke can saman allo. In yana kan Step, zai ja abin da ka buga ya kai shi gidajen da ba ka nufa ba tun yana shiga. Sa shi a None. Bayan ka buga, ka sa na Piano Roll a 1/3 beat, ka danna Alt+Q, ka rage Start time zuwa wajen kashi 70 don ya gyara ba tare da ya goge hannunka ba. In ka buga wani abu mai daɗi ba ka danna rikodin ba, yana nan: Tools, Dump score log to selected pattern.

Abin da zai fi rage maka zaman mawaƙi shi ne ka yi wanga shiri sau ɗaya. Gidaje 12, ganguna shida ko bakwai da ka amince da su, kowace da layinta a miksa. Ka zaɓe su duka a Channel Rack, ka danna layin miksa na farko, Shift+Ctrl+L zai jera su bi da bi. Ka aje fayil ɗin a foldar Templates, gobe ka buɗe shi daga New from template. Ka sa ajiyar kai-tsaye kowane minti 5 a File settings. In za ka kai aiki wani situdiyo, ka fidda shi a zif, don fayil ɗin FLP ba ya ɗauke da sampul a cikinsa.

Sauti_SabonLayi:

Allah ya saka da alheri. Gidaje 12 sun zauna daram. Amma Anti Hajara, kalangun nawa a manhajar sampul ta Kontakt yake, Slide ɗin bai motsa shi ba ko kaɗan.

Hajara_Miksin:

Ba zai motsa ba, Slide na aiki ne da kayan FL na gida, ba da VST ba, wato kayan sauti na waje irin Kontakt. Mafi sauƙi ka jawo WAV ɗin kai tsaye cikin Channel Rack. In dole sai Kontakt, ka yi amfani da ƙafar Pitch bend ta PSR ɗinka in tana da ita, ko ka danna dama a kan maɓallin Pitch na tashar ka ƙirƙiri Automation clip. Lambar da ke gefen maɓallin tana zuwa a 2; ka tabbata ta yi daidai da abin da aka saita a cikin Kontakt, in ba haka ba abin da ka zana daban, abin da za ka ji daban.

Baban_Kusugu:

Duk da haka, in waƙar ta kirari ce ko ta sarauta, ni shawarata ka jera kik da tafi da ƙaramar ganga a kwamfuta, ka bar babban kalangu ga mai shi. Katsina da Daura ba a rasa makaɗa. Ka sa masa abin kunne yana jin abin da ka jera, makirfo ɗaya kamar taƙi guda daga fata, a ɗan karkace don kada ƙarar sandar ta yi yawa. Ka rage ƙarfin shiga har mafi ƙarfin bugunsa ya tsaya wajen -10 dB, domin kalangu na tashi farat ɗaya, in ya fashe a rikodin ba gyara. Ya buga maka minti biyu ko uku, ka yanki wuraren da suka fi zama. Ka roƙe shi kuma ya ba ka bugu ɗai-ɗai, mai taushi, matsakaici da mai ƙarfi, a sake da kuma a matse, ka ɗora su a kushin ɗaya na FPC, abin buga ganguna na FL, kowanne da iyakar ƙarfinsa. Ka faɗa masa tun farko cewa za ka riƙa amfani da su a wasu waƙoƙin, ku daidaita kuɗin a kan haka.