Kiɗan ɗalibai da dare a gidajen haya: ta ina ake ɓullo wa abin?

Baban_Ikilima:
Assalamu alaikum. Ƙauyenmu a Jigawa yake, jami'a na nan kusa, kuma gidajen hayar ɗalibai sun shigo har tsakiyar unguwa. Idan an gama jarrabawa, ko wani na bikin ranar haihuwa, sai a tayar da janareto a kunna kiɗa har ƙarfe biyu na dare. Ba korarsu muke so ba, masu shago da masu abinci da 'yan acaɓa duk da su suke samu. Barci muke nema. Wa ake fara samu, kuma akwai doka a kai?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam, Baba. Doka akwai. A 2009 aka fitar da ƙa'idojin hana yawan hayaniya na ƙasa waɗanda hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ke kula da su, kuma a cikinsu dare yana farawa ne daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. Unguwar da ta haɗa gidaje da 'yan shaguna, iyakarta desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 55 da rana, 45 da dare. Hira tsakanin mutum biyu a kusa da juna tana kaiwa wajen 60, to ka ga kiɗan casu ya wuce gona da iri.

Kafin a je ko'ina, a samu littafi a riƙa rubuta rana, lokacin farawa, lokacin tashi da gidan da abin ke fitowa, na mako biyu ko uku. A sauke manhajar auna ƙara a waya, a auna daga tsakar gidanku, wuri ɗaya kullum. Awon waya ba ya zama daidai cif, amma ya fi a je hannu rabbana ana cewa "sun dame mu".

Mai_Gyaran_Sifika:
Abin da ke hana ku barci ba waƙar ba ce, dukan nan ne na ƙasa-ƙasa, bes. Siririyar murya katangar bulo na tare ta, amma bes bi yake ta bango da daɓe, ya kuma sa rufin kwano karkarwa. Shi ya sa rufe taga ba ya magani. Da bazara ma kowa a tsakar gida yake kwana, ba abin da ya tsare.

Gyaran ba tsada. A janye babbar sifikar daga bango kamar kamu biyu, kada a ajiye ta a kusurwa, domin kusurwa ninka bes take yi. A ɗora ta kan tsohuwar taya ko guntun katifa, ba kan siminti ba. A juya bakinta wajen gona ko fili. A sarari, duk ninkin tazara yana rage desibel 6 ne kawai, alhali murɗa maɓallin bes ƙasa a take ake jin bambancinsa. Rage desibel 10 kunne yana jinsa kamar an raba ƙarar biyu.

Janareto ma a sa masa taya a ƙasa, a gyara salansa. Amma kada wanda ya ce a shigar da shi ɗaki ko soro don a rage ƙara. Hayaƙinsa kisa yake yi, mutum yana barci bai sani ba.

Hajiya_Mai_Haya:
Baba, ɗalibi baƙo ne, bana yana nan baɗi ya tafi. Wanda za ku riƙe shi ne mai gidan, ko dillalin da ya saka su. A je wajen mai unguwa ya kira shi, a sa sharaɗi a takardar haya: ba kiɗa bayan ƙarfe 10, a kashe lokacin salla, a sanar da maƙwabta kwana biyu kafin taro, a kuma naɗa ɗalibi ɗaya shugaban gida wanda za a kira. Mai gida ya riƙe kuɗin ajiya, gargaɗi biyu, na uku ba sabunta haya. Inda ake kuskure shi ne a bari sai tsakiyar zango. Sun riga sun biya na shekara, ba su da abin tsoro. Kafin su dawo hutu ake wannan zama.

Malam_Lissafi:
Haka ne, Hajiya. Idan an yi hakan ɗalibi bai ji ba, dagaci ya sa hannu a takarda zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai na jami'ar, a haɗa da kwafin littafin nan. Ɗalibi ya fi shakkar kwamitin ladabtarwa a kan kowa. Hisba ko 'yan sanda sai a ƙarshe. Ku kuma ja kunnen samarin unguwa kada su je cikin dare su kashe janareto ko su ƙwace sifika, nan take mai ƙara zai koma wanda ake ƙara.

Baban_Ikilima:
Allah ya saka da alheri. Biyu daga cikin masu gidajen a Kano suke zaune, sai dillali. Shi ma zai iya sa hannu a madadinsu?

Hajiya_Mai_Haya:
Zai iya, in shi ke karɓar kuɗin. Amma mai unguwa ya kira su a waya a gaban shaidu su amince, don gobe kada su ce ba da saninsu ba.